Amaryar da Ke Yi wa Kanta Hidimar Biki

A Ingila, abin da doka ke nema kafin a ɗaura aure bai taka kara ya karya ba. Ango da amarya za su je ofishin rajista na ƙaramar hukumarsu su ba da sanarwa, aƙalla kwana 29 kafin ranar, a kafe sunayensu inda kowa zai gani ko da mai ƙorafi. Masu aure a Cocin Ingila kuwa, sai a karanta sanarwarsu a ranakun Lahadi uku. Ranar ɗaurin aure a kawo shaidu biyu, shi ke nan. Abin da ke jan lokaci shi ne wurin taro. Tun da gyaran dokar aure na 1994 ya halatta ɗaura aure a otal-otal da tsofaffin gidajen masu sarauta, wuraren da suka yi suna sai an kama su shekara guda ko biyu kafin lokaci, musamman Asabar ɗin Yuni zuwa Satumba. Sa rana a nan ba aikin dattawa ba ne, littafin mai otal ke yanke ta.

Wannan doguwar tazara a cikin rayuwar yau da gobe ake cinye ta. Mafi yawan masu shirin aure a nan sun riga sun tare a gida ɗaya, da gadonsu da tukwanensu, don haka babu zancen kayan ɗaki. Amarya za ta tashi ta bi bas zuwa aiki, ta dawo ta ɗora girki, ta zuba wanki a inji, sai bayan ta wanke kwanuka ta jawo kwali daga ƙarƙashin kujera ta baje a teburin cin abinci. A nan bikin yake, a cikin kwalin.

Wata abokiyar aikina a Manchesta, ma'aikaciyar jinya, ta nuna mini nata. Kwalaben jam ne da ta roƙi kowa a asibiti ya tara mata, ta wanke, ta ɗaura wa kowace ƙyallen leshi don a sa furanni a kan tebura. Ga 'yan tutoci masu kusurwa uku da ta yanka daga tsofaffin rigunan mahaifinta, ta ɗinke su a igiya da kekenta. Ga katin gayyata da ta rubuta da hannu ɗaya bayan ɗaya, ga busassun furanni da ta shanya a taga don a watsa wa ango da amarya, domin wurare da yawa sun hana watsa na leda. Tana kuma saƙa wa ƙawayen amarya mayafan ulu, a cikin jirgin ƙasa ko a lokacin hutun cin abinci. Kek ɗin gargajiya mai busassun 'ya'yan itatuwa kakarta ta gasa shi watanni kafin biki, ana ɗiga masa barasa lokaci-lokaci don kada ya lalace. Baƙo Musulmi sai ya tambaya kafin ya miƙa hannu.

Rabin dalilin wannan aikin hannu kuɗi ne. Otal na cajin abinci bisa kan mutum, saboda haka ana ƙirga baƙi, kowa da kujerarsa da sunansa a kai, har a raba su gida biyu: na yini masu cin abinci, da na dare masu zuwa rawa kawai. Duk fam ɗin da aka rage a kwalliya kujerar wani ce. Ɗaya rabin kuwa son a ce bikinta bai yi kama da na kowa ba. Shafin Pinterest, wanda aka buɗe a 2010, ya cika mata ido da samfura, kantin Hobbycraft na sayar mata da gam da zare, abin da ya gagare ta kuma ta saya a shafin Etsy wajen wata mai aikin hannu.

Da na ba gwaggona labari a waya, tambaya ɗaya ta yi: "Ke 'yar nan, ita yarinyar ba ta da uwa ne?"

Tana da ita, kuma suna shiri. Amma gwaggo ta taɓo inda bambancin yake. A wajenmu amarya ita ce wadda ta fi kowa hutu a bikinta. Ana sa rana, hidima ta koma hannun uwa da gwaggwanni da yayye. Uwa tun yarinya na firamare take tarin kwanuka da tasoshi da kuɗin adashi, tana turawa ƙarƙashin gado. Uba na fama da kafinta kan gado da kujeru. Dangin ango na zirga-zirga a Kantin Kwari suna haɗa lefe, dangin amarya na Kasuwar Sabon Gari suna cinikin kayan kicin. Biki ya matso, tsakar gida ta cika da mata, wannan na tuƙa alkaki, waccan na dakan nakiya, wasu na murza dubulan da cincin na gara. Kowace ta zo da gudummawarta, ana riƙe da lissafi a ka ko a littafi, domin ranar nata bikin za a mayar mata har da ƙari. Ita kuwa amarya tana ɗaki, ana mata dilka da halawa, ana turara ta, ana sa mata lalle. Ranar jere ma ba ta zuwa. Sai an kai ta take ganin yadda aka tsara ɗakin da za ta zauna a ciki.

Mu ma muna da aikin hannun aure, sai dai inda yake nufa daban ne. Faifan da kaka ta saƙa, ƙoren da aka yi wa zane, tabarma, zanen gado da rigar matashi da budurwa ta yi wa ado da zare, marufin kwano na kwarashi, duk ɗaki suke shiga su zauna shekaru. Na Baturiya yini ɗaya yake yi. Ƙarfe goma sha biyun dare ma'aikatan otal za su sauke tutocin nan da aka yi wata shida ana ɗinki, washegari a zuba su a bayan mota, daga baya a sa su kasuwa a Facebook ga amarya mai zuwa. Kakannin Turawan ba haka suka yi ba. Budurwar Ingila ta dā takan ware aljihun ƙasa na durowarta tana tara zannuwan gado da tawul da ta yi wa ado, daidai da tarin iyayenmu. Zaman tare kafin aure da arahar kayan kanti suka kashe wannan, allurar ta koma kan kwalliyar taro.

Ni dai ban ga hikimar kashe idanu kan abin da za a yar gobe ba, kuma na ga yadda gajiya ke cin waɗannan 'yan mata, mutum ɗaya na riƙe da aikin da a Kano mata talatin ke rabawa. Sai dai akwai abin da ba zan ƙwace musu ba. Bikin nata ne, ita ta zaɓi launi, ita ta san nawa aka kashe, ba wanda zai goranta mata. Amaryarmu ta huta, amma sau da yawa ba a tambaye ta ko tana son labulen da aka rataya mata ba, iyayenta kuma su kwana da bashi don gudun surutun 'yan ganin ɗaki. Ga shi aikin hannun ma ya kusa barin gidajenmu na birni. Alkaki oda ake bayarwa, turaren wuta saye ake yi, an ƙaro dina da masu kwalliyar zaure. Baturiyar da muke ɗauka ba ta iya komai ba tana zuwa ajin koyon saƙa da yamma, 'yarmu kuwa kunyar a gan ta da kwarashi take ji.

Hausawan da ke aurar da 'ya'ya a Ingila su ke ɗaukar kaya biyu. Ɗaurin auren masallaci shi kaɗai bai wadatar a idon hukuma ba in ba a bi ƙa'idar rajista ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 2020, a shari'ar wata mata da ta nemi haƙƙinta bayan rabuwa. Don haka sai a je ofishin rajista, a je masallaci, sannan a kama zaure da awa. Lefe ya biyo kago, anko a ɗinko shi a Kano ko Kaduna da awon da aka tura ta WhatsApp, alkaki ya zo a akwatin duk wanda Allah ya kawo daga gida. Gwaggwannin da za su yi aikin suna can, biza ta hana, sai uwar amarya ta dawo daga aikin dare ta tsaya kan kaskon cincin ita da maƙwabciya ɗaya. Mai zaure kuma ya ce mutum 150 ne iyaka, a ba shi sunaye mako biyu kafin rana. Har yau ban ga Bahaushiyar da ta iya cika wannan takarda ba tare da ta ɓata da wani ba.