Ku Matso Mu Yi Maganar Aman Kemo

Ku matso, ƙawayena, ku gyara zama. Yau hirar tamu ta 'yan uwanmu ce masu karɓar maganin ciwon daji, wanda ake kira kemo. Kun dai san wahalar: a tashi daga Sakajiki ko Ƙaura tun duku-duku, a bi ta Gusau, wata sai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wata sai asibitin Shika a Zariya, a ɗaura mata ruwan magani, sau da yawa duk bayan mako 3. Ta dawo gida zuciya na tashi, ko miyar kukar da take so ba ta iya kallo. Wayyo, baiwar Allah.

Ba raki ba ne fa, 'yan uwa. Maganin ne ke taɓa hanji, hanji ya kai ƙara ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ce a amayar. Wani aman yakan zo cikin awa 24 na farko, wani sai ya yi lamo, ya ɓullo bayan kwana 2 ko 3, musamman ga mai karɓar cisplatin ko jan ruwan nan doxorubicin da ake ba masu ciwon nono. Wata ma daga hango ƙofar asibiti cikinta ya juya. Hmm, jiki ba ya mantuwa.

To ga sirrin, aminaina: amai riga shi ake yi. Shi ya sa likita ke ba da ondansetron da dexamethasone tun kafin a ɗaura ruwan, ya kuma haɗa ta da na sha a gida. Mu tsaya mata ta sha a kan lokaci, ko da tana jin garau. Sai dai, mu faɗa ƙasa-ƙasa, ondansetron kan hana bayan gida, kada kunya ta sa ta ɓoye wa likita, hahaha, ai sun saba ji!

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Koko da ya huce, ɗan shayin citta, ruwa kurɓi-kurɓi. Soye-soye da yaji su dakata, nonon da ba a tafasa ba shi ma, don garkuwar jikinta ta yi ƙasa. Jiƙe-jiƙen Inna sai an tambayi likita. Mu kuma masu zuwa dubiya, don Allah mu bar humra da turaren wuta a gida, kada ƙamshi ya tayar mata da zuciya. Na san da wuya, Hajiyata, kai, har kin ɓata rai, hahaha!

In kuwa ta wuni ko ruwa ba ya zama a cikinta, fitsari ya ragu, jiri na ɗibar ta, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, asibiti za mu kai ta nan take. Kada mu bari amai ya sa ta yanke magani. Ta faɗa wa likita yadda ta ji a zuwan da ya wuce, yana iya ƙarawa ko ya canza mata. Mu riƙe ta, mu raka ta, mu yi mata addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.