Asalin Duna

Mu dai 'ya'yan mafarauci ne daga ƙasar Katsina. Da aiki ya kawo mu Abuja, muka sauka a unguwar Gwarimpa, ba mu zo da wani abu na gadon mahaifinmu ba sai wani baƙin kare mai suna Duna. Malamai sun yarda a ajiye kare don farauta ko gadi ko tsaron dabbobi, saboda haka muka ba shi gadin gida.

Wata rana maƙwabcinmu, wanda ke kiwon wani ƙaton kare irin na Afirka ta Kudu, ya nuna mana takardar da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ba shi. A ciki an rubuta sunan karen da ranar haihuwarsa da sunayen iyayensa da kakanninsa, har da lambar 'yar na'urar da likita ya sanya masa a ƙarƙashin fata. Da farko dariya muka yi. Wai kare da takardar haihuwa! Shi kuwa ya bi mu da bayani a hankali. Ya ce takardar ce shaidarsa in an sace karen ko an yi jayayya a kansa. Da ita ake kauce wa haɗa jini na kusa, ake kuma bin sawun ciwon gado irin na ƙugu. Da ita ake shiga gasa, kuma kwikwiyo mai rajista ya fi daraja wurin mai saye.

Sai dariyarmu ta koma tunani. Ai mahaifinmu ma yana da irin wannan rajista, sai dai a ka ya ajiye ta. Yakan lissafa kakannin Duna har bakwai, ya faɗi wadda ta fi gudu da wanda ya fi jin ƙanshin zomo. Ranar da Allah ya karɓi ransa, lissafin ya bi shi. Yau uku kaɗai muke iya tunawa, su ma muna gardama a kan na ukun.

Turawa sun daɗe da gane wannan. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Ingila, ta Amurka ta biyo baya a 1884, sannan a 1911 aka kafa ta ƙasa da ƙasa, wato FCI, wadda mazauninta ke Beljiyam. Abin da ya fi taɓa mu shi ne labarin karen Azawak, dogon siririn karen nan na Abzinawa da ke tsakanin Nijar da Mali. Makiyayan Sahel ne suka raine shi shekaru aru-aru, amma a Turai aka rubuta siffofinsa, har ƙungiyar Amurka ta amince da shi a 2019. Na maƙwabtanmu ya shiga littafi, namu na Hausa kuwa har yanzu “karen gida” muke ce masa da raini.

Duna ba shi da takardar iyaye da za mu gabatar wa wata ƙungiya. Duk da haka mun kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, aka ba mu kati. Muka kuma sayi littafi mai kauri, muka rubuta sunansa da na kakanninsa ukun da muke tunawa, muka bar sauran shafukan domin 'ya'yansa. In mun je gida da Sallah, za mu zauna da tsofaffin abokan farautar mahaifinmu, ko Allah zai sa wani ya tuna na huɗu.