Raket a Shara Mansur

Jirgin ƙasan Haramain ya sauke ni a tashar Rusaifa gab da la'asar, ina jan akwati ɗaya, da raket ɗin tanis a rataye a kafaɗata. Direban tasi ya kalli raket ɗin, ya kalle ni, ya ce shi dai bai taɓa ɗaukar mai Umara da irin wannan kaya ba. Na ce masa tsaraba ce.

Daga Faransa na taso, inda nake digiri na biyu a Lyon. Gidan Goggona na sauka, a Shara Mansur, unguwar da in ka rufe ido sai ka rantse a Fagge kake: ga mai waina, ga mai fura, ga ƙamshin tsire, wanda Larabawan Hijaz suka ara har da sunansa. Kakannin wasu a nan da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya. Daga irin wannan zuri'a aka samu Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Mazan unguwar kowa ya san wannan suna. 'Yan matan kuwa ba su da nasu gwanin tukuna.

Jikar Goggo, mai shekara 12, ita ta roƙe ni raket ta waya. A Nuwamban 2024 ta kalli gasar WTA Finals da aka yi a Riyadh, ta ga Coco Gauff, baƙar fata irinta, ta ɗaga kofi. Tun daga nan take dukan ƙwallo a bangon soro da murfin tukunya.

Goggo na ganin tsarabar ta ɓata rai. "Ke da aka tura karatu, abin da kika koyo ke nan? Yarinyar da igamarta ma sai an yi fama kafin a sabunta, wa zai saka ta gasa?"

Gaskiya ta faɗa. A Makka aka haifi yarinyar, a Makka aka haifi uwarta, amma haihuwa a Saudiyya ba ta ba mutum shaidar zama ɗan ƙasa.

Da dare muna shan shayi sai na ba su labarin Aravane Rezaï. A 1987 aka haife ta a Saint-Étienne, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya daga inda nake zaune ba. Iyayenta 'yan Iran ne masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinta ne ya koya mata wasa, wani lokaci da fitilar mota yake haska mata fili. Ta ci zinare a wasannin mata Musulmi da aka yi a Tehran a 2001 da 2005. A 2010 ta lashe gasar Madrid: ta fitar da Justine Henin a zagayen farko, ta doke Venus Williams a wasan ƙarshe, ta kai matsayi na 15 a duniya. Ban ɓoye musu sauran ba. A 2011 rikici tsakaninta da mahaifinta ya fito fili, kuma ba ta sake komawa wancan matsayi ba.

Goggo ta ce, "To kin ji."

Na ce, "Goggo, ai matsin da aka yi mata ne ya jawo. Wannan kuwa ita ta nema da kanta."

Na kuma tuna mata da 'yar garinsu, Wojdan Shaherkani, haifaffiyar Makka, wadda ta shiga judo a Olamfik ɗin Landan a 2012 tana da shekara 16, ɗaya daga mata biyu na farko da Saudiyya ta tura. Daƙiƙa 82 kawai ta yi aka kayar da ita, ta sha zagi a intanet. Shekara biyar bayan haka aka amince a fara koya wa 'yan mata motsa jiki a makarantun gwamnati. Can kuma inda nake, Faransa ta hana 'yan wasanta sa hijabi a Olamfik ɗin Paris na 2024. Kowace ƙasa da irin shingen da take sa wa 'ya mace.

Washegari muka je Harami mu uku. A sa'ayi, tsakanin Safa da Marwa, Goggo na kan keken guragu ina tura ta. Da muka iso koren fitila maza suka fara sassarfa, mu muka ci gaba da tafiya a hankali. Yarinyar ta ja mini hannu ta ce, "Anti, ba Nana Hajara ce ta yi gudun nan ba?" Goggo ta ji, ba ta tanka ba. Sai da muka cika zagaye bakwai ta ce a ba ta zamzam.

Ranar da zan tafi, Goggo ta yanke hukunci: a saman soro kawai, bayan isha'i, in an gama tilawa da aikin makaranta, kuma raket a ɗakinta zai riƙa kwana. Maganar zuwa koyo a Jidda, ta ce a bari sai mahaifin yarinyar ya dawo daga aiki a Ɗa'if.

Na bar musu gwangwanin ƙwallo uku. Kafin jirgina ya sauka a Lyon saƙo ya shigo: ɗaya ta faɗa gidan maƙwabta, kuma Goggo ce da kanta ta je ta karɓo.