Gishirin Bilma a Zauren Kakana

Mu da muka tashi a cikin birnin Kano a shekarun 1960 mun riski ƙarshen wani fatauci da ya haura shekara ɗari biyar yana gudana, kuma da idonmu muka ga yadda ake yin sa. Kakana, Allah ya jiƙansa, fatoma ne kuma dillalin gishiri. Da zarar an gama girbi, hunturu ya buso, sai ya sa a share zaure, a gyara ɗakunan baƙi, domin ya san Buzayensa na kan hanya.

Tafiyarsu doguwa ce. Daga duwatsun Azbin suke tashi da kaka, su keta rairayin Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ba da gero su karɓi gishiri da dabino, su koma gida su huta, sannan su gangaro ƙasar Hausa. A wajen gari suke barin raƙuma saboda kiwo, a riƙa shigo da kaya kaɗan-kaɗan. Har yanzu ina ganin kantun nan a idona, dogo mai tsini, ruwan ƙasa-ƙasa, an naɗe shi da tabarmar kaba, igiya ta ci gefensa saboda daɗewa a bayan amale. Kantu na dabbobi ne. Na miya shi ne beza, fari tas, wanda kakata ke ajiyewa a cikin tukunya ta hana mu taɓawa. Madugun, wani dattijo dogo da ba mu taɓa ganin bakinsa ba saboda amawali, yakan zauna kan buzu ya hura gawayi ya ɗora 'yar butar shayi, in ya ga mun yi cirko-cirko a bakin ƙofa sai ya ɓantaro cuku ya miƙo mana. “Ku karɓa da hannu biyu,” in ji Kaka, “baƙon da ya ƙetare hamada ba ƙaramin baƙo ba ne.”

Abin da ya fi burge ni shi ne amana. Ba takarda, ba sa hannu. Madugu zai bar kaya a hannun Kaka ya tafi kiwo wata guda, ya dawo a ƙirga masa kuɗinsa fam da sule, ba a rasa ko ahu ba. Daga nan Kaka ya raka shi Kasuwar Kurmi sayen turkuɗi, baƙin yadin nan na Kura da aka rina da baba, aka buga a mabuga har yana ɗaukar ido, aka naɗe cikin takarda. Shi suke yin rawani da shi, shuninsa yana kama musu fata, kuma suna alfahari da hakan.

Da na shiga sakandare aka koya mana daulolin Gana da Mali da Songhai. Mun haddace cewa Mansa Musa ya tafi aikin hajji a 1324, ya raba zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi, kuma sojojin Maroko sun karya Songhai a 1591. A ganina an gajarta mana a nan, domin an ba mu labarin a matsayin na wasu mutane can nesa, alhali rabinsa yana unguwanninmu. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da fatauci da Musulunci tare, kuma Madabo da muke ratsawa kullum tana cikin mazauninsu. Zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanyar Gwanja, inda goro ke fitowa. Muhammadu Rumfa, da ya hau a 1463, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a wurinsa Shehu Magili ya sauka daga arewacin Afirka, ya rubuta masa littafi kan yadda ake tafiyar da mulki. Sharifai har gobe suna danganta kansu da zuriyar Shehu Magili. Ko gurasar da muke saye a Jakara, daga tanderun Larabawa ta samo asali.

Ibn Battuta ya yada zango a Takadda, kusa da Agadas, a 1353, ya ga ana haƙo tagulla ana kai ta Gobir da Barno. Wato ƙasar baƙin Kaka ke nan, kuma hanyarsu ke nan. Sai dai ba gishiri da littattafai kaɗai suka bi ta ba. Ayarin da ya ɗauki Ibn Battuta daga Takadda zuwa arewa yana ɗauke da kuyangi wajen ɗari shida. 'Ya'yan wasu ne aka raba da iyayensu, kuma duk mai alfahari da arzikin wancan zamani wajibi ne ya faɗi wannan ma.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya juya fuskar ciniki daga Tarabulus zuwa Ikko. Fataucin gishiri ya jure bayan haka, har farin 1973 ya kashe raƙuma bila adadin, manyan motoci da gishirin buhu suka ƙarasa abin da ya saura a wajenmu. Madugu bai sake zuwa ba, Kaka kuma bai daina share zaure ba har ya bar duniya.

Akwai sauran tsofaffi a Fagge da Agadasawa da Kura da suka yi wannan sana'a da hannunsu, sun san zango-zango da sunayen rijiyoyi. Ina roƙon ɗalibanmu na tarihi da duk mai irin wannan dattijo a gida, ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta tun suna da rai.