Ban Kai Kusasu Ba

Da na ce wa direban ina son in isa Kusasu, sai ya dube ni ta madubi ya yi shiru har muka wuce Buruku. Daga baya ya ce, "Malam, Birnin Gwari dai zan kai ka, in Allah Ya yarda. Kusasu kuwa ko 'yan garin sai sun yi tambaya kafin su koma." Ban ja da shi ba. Wanda ya shekara da shekaru yana bin wannan hanya ya fi mai digiri sanin inda mota ke tsayawa.

A hunturun da ya biyo bayan sulhun ƙarshen 2024 ne na yi wannan tafiya, bayan Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci suka fara bin hanyar ba tare da jiran rakiyar sojoji ba. Ba sulhun ne ya fitar da ni daga gida ba. Duhun watan Oktoba na wannan shekarar ne, wanda har yanzu bai fita raina ba. Sama da mako guda yawancin jihohin Arewa suka yi babu wutar lantarki. Ƙanƙara ta yi tsada a Kano, masu walda da teloli suka naɗe hannu, ɗalibaina suka koma karatu da fitilar waya, wayar ma sai an biya kuɗin caji. Dalilin da Kamfanin Rarraba Manyan Layukan Wuta na Ƙasa, TCN, ya bayar ya tsaya mini a rai: an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando ta Kaduna, injiniyoyi kuma ba sa iya shiga dajin su gyara saboda 'yan bindiga. Ɗaya hanyar da ta rage, wadda ta taso daga Ugwuaji ta Inugu ta biyo ta Apir kusa da Makurɗi, ita ma ta faɗi a ranar 21 ga watan. Igiya biyu ke riƙe da mu, duka suka tsinke.

Daga Mando hanyar Birnin Gwari take farawa, kuma nan babbar tashar karɓar wutar take. Matafiyi zai ga dogayen turakun ƙarfe sun jeru, sun nausa cikin daji har ido ya daina ganinsu. Kusasu na can cikin wannan dajin, wajen iyakar Kaduna da Neja ta ɓangaren Shiroro. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba sai a labarin hari ko na luguden jiragen yaƙi. Na so in ga ƙasar da wutarmu ke ratsawa kafin ta iso mu, in ga kuma da me mutanenta suke kunna fitila.

Bayan Udawa hanya ta ƙara lalacewa, gari ya yi wuyar gani. Ƙauyuka ne jefi-jefi, wasu an fara komawa, wasu kangaye ne ciyawa ta rufe ƙofofinsu. Amma ƙasar, tubarkalla! Karan masara da dawa a tsaye har inda ido ya kai, itatuwan kaɗanya da ɗorawa, rafuka da sauran ruwa a cikinsu duk da rani ya kama. Ruwan da ke sauka a wannan yanki Kogin Kaduna yake nufa, a kan kogin kuma aka gina madatsar Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 'yan shekarun nan. Na yi ta lissafin nan a zuci muna tafe, ina kallon gidajen da babu ko waya ɗaya da ta shiga cikinsu.

A Birnin Gwari, a wata rumfa kusa da tasha, aka haɗa ni da wani dattijo da ya ce daga wajen Kusasu ya yi hijira da iyalinsa. Na gaishe shi, na tambaye shi labarin gida, sannan na kawo zancen wuta. Ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, mu ai ruwan Shiroro muka sani, da kifinsa da sauronsa. Wutarsa taku ce, ku mutanen birni." Na tambaye shi yadda suka ji da duhun Oktoba. Ya ce a rediyo ya ji an ɗauke.

Rumfar da muke zaune ta wani saurayi ce mai cajin waya. Farantan sola huɗu ne a kan kwanonta, da batura biyu a ƙarƙashin tebur, da wayoyi sun fi hamsin a jere, kowace da lambarta. Gefe ga firji yana sanyaya ruwan leda. A tsallaken titi injin niƙa na ta ƙara da man dizal, mai shayi na hura gawayi, mai walda ya tada janareta. A taku ashirin na ƙirga hanyoyin samun makamashi huɗu, ba wanda ya zana musu su a takarda. Bukata ce ta koya musu kada su rataya abincinsu a ƙusa ɗaya. Kada dai a ɗauka yabon talauci nake yi. Gawayin nan daga dajin yake fitowa, dajin da a cikinsa aka keɓe gandun Kamuku a 1999, kuma buhunan da na gani jibge a bakin hanya suna jiran manyan motoci sun isa su tayar da hankalin duk mai tunanin gobe. Faranti huɗu kuma ba za su juya injin casar shinkafa ba, balle masaƙa irin waɗanda suka mutu a Kakuri.

A ajinmu, idan muka zo babin faɗaɗa hanyoyin samar da wuta, jeri muke yi wa ɗalibai: iskar gas, ruwa, rana, iska, nukiliya. Muna gaya musu cewa duniya na ƙara bukatar lantarki, ƙasar da ta dogara da abu ɗaya kuwa tana cikin haɗari. Gaskiya ne. Nijeriya, mai mutane sama da miliyan 200, da ƙyar take raba megawat 5,000 a rana mai kyau, kuma mafi yawansa daga iskar gas ne, tashoshin gas ɗin nan kuwa kusan dukkansu a Kudu suke. Abin da ban taɓa tsayawa na koyar da kyau ba, sai da wannan hanya ta nuna mini, shi ne bambancin iri bai wadatar ba in babu bambancin wuri. Wutar Kainji da Jebba da Shiroro ta ruwa ce, ta yankin Neja Delta ta gas ce, amma a wajen mutumin Kano ko Katsina duk ɗaya ne, tunda ta ƙofa biyu kacal suke shigo masa, ɗayar kuma ta ratsa dajin da hukuma ba ta da cikakken iko da shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali mafi yawan abin da suke sha daga nan yake zuwa. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, a bakin Yamai, ta rage musu zafi.

Mu ma muna da abin farawa, sai dai kowanne da tabonsa. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai fankoki 37 da megawat 10, tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna aka faro zancenta. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa, Francis Collomp, a Rimi, aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Kano akwai tashar rana mai megawat 10 a Challawa da aka buɗe a 2023. Tashar Kudenda ta Kaduna mai megawat 215 ta daɗe tana jira, bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020 shi ma ana ta sauraronsa. Mambila kuwa, tun ina ɗalibi nake jin sunanta. A tara waɗanda ke aiki a cikinsu, ba su kai rubu'in Shiroro ba.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa tasu kasuwar wuta da tsara ta. A ganina nan ne gwamnonin Arewa ya kamata su sa ƙarfinsu, maimakon taron ƙorafi duk lokacin da layi ya faɗi: tashoshin rana masu girma da batura a gefen Kano da Katsina da Sakkwato, injinan wuta a madatsun da muke da su irin Tiga da Challawa, da ƙananan tashoshi masu cin gashin kansu a garuruwa irin Birnin Gwari, inda ga masara ga shinkafa amma sai an kai su wani gari a sarrafa. Akwai kuma lissafin tsaro a ciki. Ban ce wanda aka ba wuta ba zai ɗauki bindiga ba. Amma ƙauyen da ke shan wuta daga turken da ke gonarsa yana da dalilin kai rahoto idan ya ga ana kwance ƙarfensa. Wanda waya ta wuce ta samansa shekara talatin, me zai sa ya saka ransa a haɗari saboda firjin wani a Kano?

La'asar na yi direban ya fara matsa mini, don ba ya son magariba ta same mu kafin Buruku. Na yi sallama da dattijon, na tambaye shi ko yana sa ran komawa Kusasu. Ya ce in damina ta faɗi lafiya zai je ya duba gonarsa. Ya miƙa wa saurayin lambarsa, ya karɓi wayarsa da ta cika, ya biya, ya sa ta a aljihu.