Shi da kunne, ni da hannu

Rana ɗaya aka kai mu makarantar allo a Zariya, ni da ɗan baffana. Shi da zarar Malam ya biya masa, ya kama. Sai ya koma gefe yana rangaji yana rerawa. Ni kuwa a biya mini, in ɗaga ido in ga dorina a kafaɗar gardi, kafin in kai mazaunina rabin ayar ya zube. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin kara da daddare sai cikina ya ɗuri ruwa, don a bakin wutar nan ake tilawa, a nan kuma asirina ke tonuwa.

Malam ne ya gano ni. Ya lura tun a babbaƙu da farfaru ba na mance harafin da na zana da yatsa a ƙasa. Wata Asabar ya miƙo mini alƙalamin kara da kurtun tawada, tun sa'o'ina ba su isa rubuta allonsu ba.

"Kai yaro, karatunka a hannunka yake. Rubuta, ka wanke, ka sake."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam," ina tsammanin horo ne. Na rubuta, na wanke, na shanya allon, na sake. Abin da hannuna ya bi ta kansa sai ya zauna daram. A haka na haura daga Nasi har na cika izu biyar ba a sake tsayawa a kaina da bulala ba.

A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta a duk Nijeriya, aka kwashe mu zuwa boko. A can ma ɗan baffana bai sha wuya ba, don lissafin sau da waƙa ake koyar da shi, aji duka a ɗauki amshi. Sai da muka shiga sakandaren kwana lamarin ya juye. Malami ya cika allo da rubutu, a kwafa, ya fita. Da daddare a tara mu a aji, kowa da littafinsa, ko tari ba a so. Wannan duk gonata ce. Shi kuwa ina hango shi ƙarƙashin fitila, leɓɓansa na motsi, yana danne muryarsa. Da ta ɗan fito, sai babban ɗalibi ya sa shi durƙuso a waje cikin sanyin hunturu. Makinsa ya yi ta sauka. Yaron da ya riga kowa sauka a unguwarmu aka koma kira daƙiƙi.

Ban fahimta ba a lokacin, na ɗauka lalaci ne ya kama shi. Ana gab da jarrabawar aji uku ya ce, "Don Allah karanta mini da ƙarfi." Muka zaga bayan ɗakin kwana bayan sallar asuba, na karanta masa darasin zagayawar jini, ya lumshe ido, ya maido mini shi tas, har da inda na tsallake layi ya tsayar da ni. Tsigar jikina ta tashi.

Amma an makara, zuciyarsa ta riga ta fita daga bokon. Da aka yi hutu bai dawo ba. Ya tafi tsangaya a Barno, ya haddace izu sittin, yau Alaramma ake kiransa. Ni na zama malamin aji, kuma ban taɓa hana ɗalibina karatu da murya ba; gindin darbejiya nake tura masu irin kansa, biyu-biyu, wani ya karanta wani ya maido.