Na Ɗora Wa Subaru Ƙaramar Ƙwaƙwalwa



Subaru WRX ɗina mai turbo ita ce kawai abin da na mallaka a Ikko, shi ya sa gabana ya faɗi ranar da wani rewaya a Ladipo ya fara yanka mata wayoyi don haɗa Apexi SAFC. Aikin wannan na'ura yaudara ne: tana tare saƙon na'urar auna iska, ta canja shi kafin ya kai ga ƙwaƙwalwar motar, sai ta ƙara mai ko ta rage.

Haɗawar ba wuya. Saitin ne aiki. A tafiyar yau da kullum injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, amma in turbo ya buɗe sai an sauko wajen 11.5, in ba haka ba zafi ya narka fistin. Ga wani tarko kuma: in ka rage saƙon iska, ƙwaƙwalwar takan gaggauta tartsatsin fulogi, injin ya fara ƙwanƙwasa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abokai a Agege ke ce mini in matse ta don tsimi. Na ƙi. Kuɗin inji ya fi na lita.